Fita Unguwa Da Jariri: Famfas Ɗaya Ba Ya Kai Yini



Ko ban ga katin gayyata ko ɗaya ba, ranar Litinin nakan gane cewa an sha bukukuwa a ƙarshen mako. Ranar ce iyaye mata ke jeruwa a kantin maganin da nake aiki a Agege, kowace da goyo a baya, kuma kusan duk tambayarsu ɗaya ce: "Anti, wane mai zan shafa masa? Ƙasansa duk ya yi ja."

Makonni biyu da suka wuce wata matashiya ta zo da 'yarta mai wata huɗu, haihuwar fari. Muka shiga ciki ta kwance goyon, ta buɗe famfas. Daga mara har ɗuwawu fatar yarinyar ta yi jawur kamar an watsa mata ruwan zafi, wasu wuraren har sun fara saɓulewa. Ko iska ta taɓa wurin sai ta tsandara kuka. Na ce, "Maman Bebi, ina kuka je ranar Asabar?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Anti, ya aka yi kika sani?"

Biki suka je Idi-Araba. Ta sa wa yarinyar sabon famfas da za su fita da hantsi, ta jefa guda ɗaya a jakar hannu. Cunkoson motoci ya riƙe su a Oshodi, yarinya ta yi kashi a cikin danfo, da isarsu gidan biki ta canza mata da wanda ta zo da shi. Bayan la'asar ta sake yin wani. Babu sauran famfas, gida cike da dangin miji, ta ji nauyin tambaya, sai ta ce a ranta bari dai a koma gida. Ba su shiga gida ba sai bayan isha'i. Kusan awa biyar ke nan yarinyar tana ɗaure a baya, cikin zafi da gumi, zaune a kan kashi. Washegari maƙwabciya ta ba ta wani mai ta shafa, zan dawo kan wannan man a gaba.

Ba rashin kula ba ne. Matar nan tsaf take, 'yarta ma haka. Lissafi ne ya kwace mata: ta shirya wa tafiyar awa uku, gari ya mayar da ita ta awa tara. Kuma wannan shi ne abin da nake gani a mafi yawan yaran da ake kawo mini da kurajen famfas. A gida uwa na canzawa a kan kari, domin ruwa na kusa, buta na kusa, babu idon kowa a kanta. A waje ne ake jinkiri.

Me ke faruwa a cikin famfas?

Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, kuma idan ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, kamar yadda yatsunmu ke yi idan mun daɗe muna wanki. Fitsari shi kaɗai ba ya yin ɓarna da sauri, musamman da yake famfas na zamani yana da wani gari a ciki da ke tsotse ruwa ya mayar da shi kamar kamu. Matsalar tana farawa ne idan kashi ya haɗu da fitsari. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna farfasa wani sinadari na fitsari su fitar da amoniya, wato abin nan mai wari da ke hawa kai idan an buɗe famfas da ya kwana. Amoniya tana rage ɗan tsamin da fata ke kare kanta da shi. Da tsamin ya ragu, sai sinadaran narkar da abinci da suka biyo kashi daga hanji su farfaɗo, su ci gaba da aikinsu, amma wannan karon a kan fatar yaro. Ga kuma gugar famfas da ta majanyi duk lokacin da uwa ta motsa. Shi ya sa kashi ba ya jira. Fitsari na iya yin awa biyu zuwa uku, kashi kuwa da an ji shi a cire shi.

Idan fata ta tsage, sai baƙo ya samu ƙofa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan shi ne kandida, wani nau'in fangas da ke son ɗumi da laima. Yana da kyau uwa ta iya bambance su biyun. Jan da kashi da fitsari suka jawo yakan tsaya ne a wuraren da suka taɓa famfas, ya bar cikin matsematsi lafiya lau. Na kandida kuwa ja ne sosai mai sheƙi, yana shiga har cikin lanƙwasar cinya, kuma za ki ga 'yan ƙananan ɗige-ɗige ja sun warwatsu a gefensa. Yakan biyo bayan kurajen da suka wuce kwana uku ba su warke ba, ko bayan yaro ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka man da ya yi wa ɗan maƙwabciya aiki ba lallai ya yi wa naki ba.

Guda nawa zan ɗauka?

Jariri sabon haihuwa yakan ɓata famfas 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Idan ya girma ya fara cin abinci sai abin ya sauko zuwa 6 ko 8. Lissafin da nake ba iyaye mai sauƙi ne: guda ɗaya ga kowace awa biyu da kike sa ran yi a waje, sannan ki ƙara biyu. Kuma a garuruwa irin su Legas, Fatakwal ko hanyar Nyanya zuwa cikin Abuja, awannin da za ki lissafa ba na taron ba ne kawai, har da na hanya, zuwa da dawowa, a ranar da hanya ta ƙi. Wanda bai yi amfani ba ai ba ruɓewa zai yi ba, zai dawo gida.

Fitar farko da yawancin jarirai ke yi a birni ba ta biki ba ce, ta rigakafi ce, a mako na 6, na 10 da na 14. Duk wadda ta taɓa bin wannan layi ta san ana iya zuwa da sassafe a kai azahar. Ranar rigakafi ki shirya jaka kamar mai zuwa yini.

Na san abin da wasu za su ce: Anti, kin san kuɗin famfas yanzu kuwa? Na sani, ni nake sayar da shi, kuma ina ganin yadda waɗanda a da ke ɗaukar babban ƙunshi suka koma sayen guda biyar-biyar. Ba zan ce wa uwa ta kashe abin da ba ta da shi ba. Shawarata ita ce a juya tsarin. A gida, inda ruwa da igiyar shanya suke, a yi amfani da nafkin na yadi, irin kunzugun da aka raine mu da shi, a riƙa barin yaro yana shan iska a kan leda da zani na ɗan lokaci kullum. Famfas na kanti a adana shi don dare da ranar fita. Mai fita da nafkin kuma ta ninka adadin, domin ba ya riƙe ruwa, da ya jiƙe sai canji, ta kuma tafi da leda mai kauri ta dawo da masu datti. Abin da ba na goyon baya shi ne a ja famfas ɗaya daga safe har dare don tattali. Kuɗin da aka tsimi a nan, ni ake kawo wa ranar Litinin, har da ƙari.

Game da famfas ɗin da ake sayarwa a buɗe a kasuwa, babu suna babu kwali, ana tsinta daga buhu: ki duba inda aka ajiye shi. Wanda ya sha ƙura da rana da hannun masu taya, ko ya ja laima, ba abin ɗorawa a fatar jariri ba ne.

Ruwa ya fi komai

A nan mu Hausawa muna da gata, domin tsarki da ruwa al'adarmu ce, kuma babu abin da ya fi ruwa mai tsabta wanke ƙasan jariri. Sai dai butar gidan biki ta bi hannu ɗari, ta shiga banɗaki ta fito, wani lokacin ma ba a samunta. Ki tafi da ruwanki, ƙaramar gora mai murfi ko ruwan leda biyu, da dunƙulen auduga ko ƙananan tsummoki masu laushi da kika yanka daga tsohuwar riga kika wanke. A tuna, ruwan nan na wanki ne. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi ko ana tsananin zafi, ba ya buƙatar a ɗura masa ruwa a hanya.

Jiƙaƙƙen hankicin goge jiki na kanti, wanda ake kira wayif, yana da amfani a mota da wurin da babu halin zuba ruwa. Ki zaɓi wanda ba shi da turare, ba shi da sinadarin barasa. Masu ƙamshin nan da ke burge mu, su ne suka fi yi wa fatar da ta riga ta yi ja zafi. Idan kurajen sun riga sun fito, ki ajiye shi ki koma ruwa da auduga, kina dannawa a hankali ba gurzawa ba. Kada a ɗiga ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin na wanka ko na goge ɗaki a ruwan tsarkin jariri, yana ƙona fata. Ki kuma riƙa rufe bakin ledar hankicin sosai, domin wanda ya kwana biyu a mota cikin rana zai bushe ƙayau, sai kin buɗe famfas za ki gane.

'Ya mace ana goge ta ne daga gaba zuwa baya, kowane shafi da sabon gefen auduga. Hanyar fitsarinta gajera ce kuma tana kusa da dubura, idan aka jawo kashi gaba ƙwayoyin cuta na iya hawa su jawo ciwon mafitsara, wanda a jariri sau da yawa zazzaɓi kawai ake gani. Ɗa namiji kuwa, duk uwa ta san halinsa: iska na taɓa shi zai saki fitsari sama, don haka ki ɗora masa tsumma kafin ki ci gaba. Idan cibiya ba ta faɗi ba, a lanƙwasa bakin famfas ya tsaya ƙasa da ita. Idan kuma an yi masa kaciya kwanan nan, a bi abin da wanda ya yi ta ya ce, amma galibi ɗan basilin yana hana wurin mannewa da famfas.

Bayan wanki a bar wurin ya bushe kafin a rufe. Minti ɗaya na shan iska ba zai sa mota ta tashi ta bar ki ba.

A ina za a kwantar da shi?

Wuraren da aka tanadi teburin canza wa jariri a ƙasar nan ba su da yawa, sai wasu manyan kantuna da filayen jirgin sama. Saura kuwa dabara ce. Abin da zai cece ki shi ne shimfiɗarki: ledar jarirai mai naɗewa, ko tsohon zani da aka ninka biyu aka sa leda a ƙarƙashi. Tana kare yaro daga dattin wurin, tana kare wurin daga dattin yaro. Ki riƙa naɗe ta ta fuska ɗaya kullum, gefen da ke taɓa ƙasa ya kasance a ciki.

A gidan mutane ki tambayi matar gida, "Hajiya, ina zan ɗan gyara shi?" Babu uwar da za ta ga laifinki, ita ma ta yi goyo. Abin da ke ɓata rai shi ne a buɗe kashi a kan gadon amarya, ko a tsakar falo kusa da masu cin abinci, ko a kan darduma. A masallaci ko coci a nemi gefen banɗaki ko wata kusurwa a waje. A motar gida kujerar baya ta wadatar, amma sai an tsaya, ba mota na tafiya ba.

Ƙasa ta fi ko'ina aminci, domin ba a faɗowa daga ƙasa. Jariri na fara juyawa tun wajen wata huɗu, wani kafin nan, kuma ba ya sanarwa ranar da zai fara. Benci a asibiti, teburin shago, kujerar tasha, duk an sha faɗowa daga kansu a daidai lokacin da uwa ta juya ta laluba jaka. Ki fito da komai ki jera kafin ki ɓalle famfas, hannu ɗaya kuma kada ya bar cikin yaro.

A jakar a sa kayan canji cikakku na yaro, ko biyu idan ƙarami ne mai shan nono zalla, domin kashinsu ruwa-ruwa ne, yakan ɓullo ta baya har wuya. Ke ma ki sa wa kanki zani ko hijabi na daban. Malamanmu sun daɗe suna kwaɗaitar da mai shayarwa ta ware tufar salla, kuma duk wadda la'asar ta riske ta a gidan suna da fitsari a zani ta san hikimar hakan.

Kashin yaro ba ruwa ba ne

Akwai maganar da nake yawan ji, wai kashin jariri ba shi da komai tunda nono kawai yake sha. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar rota, wadda ke kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara, ta kashin yara take yawo. Haka shan inna, haka kwalara da taifot. Najeriya ta shigar da rigakafin rota cikin jerin na yara a 2022, ana ɗiga shi a baki, kuma ya kamata kowane yaro ya samu, amma rigakafi bai ɗauke mana wanke hannu ba. Mazauna Legas ba su manta da ɓarkewar kwalara ta watan Yunin 2024 ba. A wurin biki hannun da ya canza famfas shi ne zai koma cikin tiren shinkafa, shi zai ɓare wa wani yaro lemo.

Don haka ɗan guntun sabulu a cikin ƙaramin roba yana cikin kayan jaka. A wanke hannu da sabulu da ruwa na kamar daƙiƙa 20, har bayan hannu da ƙarƙashin farce. Man tsabtace hannu da muka saba da shi lokacin korona yana taimakawa idan babu ruwa, matuƙar sinadarin barasar da ke ciki ya kai kashi 60 cikin 100, amma ba ya aiki a hannun da datti ke bayyane a kansa, kuma akwai ƙwayoyin gudawar da ba ya kashewa sosai. Na wucin gadi ne kafin a kai ga ruwa. A goge hannun yaron shi ma, domin yakan kai shi wurin yayin canji, daga nan sai baki.

Shi kuma famfas mai datti, idan akwai masai a kusa a karkaɗe kashin a ciki, a naɗe famfas ɗin, a manne shi da maɗaurinsa, a ƙulle a leda. Idan babu kwandon shara mai murfi, a dawo da shi gida. Kada a jefa shi a masai na ruwa, shi da hankicin gogewa, suna toshe bututu. Kada a jefa a kwata. Garin nan mai tsotse ruwa yana kumbura, kuma duk wanda ya ga ana yashe kwata a unguwanninmu kafin damina ya ga abin da ake fitarwa. Wanda aka wurga ta tagar mota ko bayan katanga kuwa, karnuka da kaji za su yaga shi, ƙuda ya ɗauka ya kai kan abincin wani. Ledojin da kika tanada don wannan ki ajiye su nesa da hannun yaro, leda na toshe numfashi.

Man shafawa: mai kariya da mai cutarwa

Yanzu bari in koma kan man da maƙwabciya ta ba Maman Bebi. Da ta fito da shi daga jaka, irin mayukan nan ne da ake cewa suna aiki uku, masu haɗe da maganin fangas, da maganin ƙwayoyin cuta, da sitiroyid mai ƙarfi. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai gidajen da ake matsa irin wannan mai cikin man shafawar jariri ana shafe shi da shi kullum, wai yana hana ƙuraje yana sa fata ta yi haske.

Dalilin da ya sa mutane suka yarda da shi a fili yake: sitiroyid na kwantar da ja cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma famfas rufi ne, ga ɗumi ga laima, ga fatar da ta riga ta tsage, don haka maganin yana ratsawa cikin jiki fiye da yadda zai yi a hannun babba. Idan aka daɗe ana shafawa fatar wurin takan yi siriri, kandida ta samu sake ta bazu, kuma da an daina sai jan ya dawo fiye da da, uwa ta sake komawa kan man. A yaran da aka daɗe ana yi wa haka, maganin na iya danne aikin wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda masu sarrafa sinadaran jiki, fuskar yaro ta kumbura ta yi zagaye, dangi na murna wai ya yi ƙiba, alhali ciwo ne. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ki duba jerin sinadaran da ke jikin kwali. Sunayen sitiroyid da yawa suna ƙarewa da haruffan "sone" ko "sol". Idan ba ki gane ba ki tambayi mai harhaɗa magunguna kai tsaye, "Akwai sitiroyid a ciki?" Likita kan rubuta mai sauƙi daga cikinsu na 'yan kwanaki idan kumburin ya yi yawa, amma wannan hukuncinsa ne bayan ya ga yaron. Wanda kuma aka daɗe ana shafa wa mai ƙarfin, a kai shi asibiti a faɗi gaskiyar abin da ake shafawa da tsawon lokacin.

Abin da ya kamata ya zauna a jaka shi ne mai kariya: man zin okusayid, farin nan mai kauri, ko basilin fari marar turare. Man kaɗanya mai tsabta wanda ba a gauraya da komai ba shi ma yana taimakawa. Aikinsu shi ne su shiga tsakanin fata da kashi. Ranar doguwar fita ki shafa tun daga gida, kafin a ga ja. Wajen canji ba sai kin kankare na jikin fata duka ba, ki cire wanda ya ɓaci ki ƙara sabo. Idan kandida ce, ana amfani da man kulotirimazol ko nistatin shi kaɗai, ba gauraye ba, bayan ma'aikacin lafiya ya duba. Kowane za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Hoda kuwa ki bar ta a gida. Ƙurarta na shiga huhun jariri, kuma idan ta haɗu da laima takan dunƙule a matsematsi. Mai sanyin nan mai mentol da ake barbaɗa wa ƙurajen zafi ta fi muni a kan fatar da ta saɓule.

Maman Bebi ta tafi da man zin, da umarnin ruwa da auduga, canji a kai a kai, da barin yarinya ba famfas na wani lokaci kullum. Ranar Juma'a ta biyo ta nuna mini, wurin ya kama hanyar warkewa.

Tafiyar Salla

Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, yini da kwana a mota, direba kuma ba don jaririnki zai tsaya ba. A irin wannan tafiya a raba kaya biyu. Babban ƙunshi ya shiga akwati, amma abin da zai isa har a sauka ya kasance a ƙaramar jaka a kan cinya, ba a but ba, ba a saman mota ƙarƙashin tamfol ba. Duk inda aka tsaya salla ko shan mai a duba yaro, ko bai yi kuka ba.

Duk gabanin Salla sai an zo an tambaye ni abu biyu: maganin da zai tsayar wa yaro kashi har a isa, da wanda zai sa shi barci. Ba na bayarwa. Maganin tsayar da gudawa na manya yana iya tsayar da hanjin jariri cikinsa ya kumbura, kuma wasu magungunan mura da na amai masu sa barci suna danne numfashin yaron da bai kai shekara biyu ba. Akwai kuma masu rage ba da nono a hanya don kada yaro ya yi ta jiƙa famfas. Wannan ya fi duk kurajen da muke magana a kai haɗari, musamman a mota mai zafi.

Abin da ya dace da jakar tafiya shi ne ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku, da ƙwayar zin. Idan gudawa ta kama yaro a hanya, ana narkar da ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ko yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaron da bai kai shekara biyu ba mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali a hankali, nono kuma ba a dainawa. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. Zin kuwa miligiram 10 ne kullum ga wanda bai kai wata shida ba, 20 ga wanda ya wuce, na kwana 10 zuwa 14. Kada a ce ai haƙori ne a zauna.

Maigida, wannan sakin layin naka ne. Jakar nan ba ta rage wa kowa girma. Idan uwa na fama da yaro a tasha, kai ne mai riƙe gora kana zuba ruwa, kai ne mai neman inda za a yar da leda, kai ne mai roƙon direba ya ƙara minti biyar, domin ta bakinka zai fi ji. Kuma ranar da ta shiga ganin likita ta bar maka shi a mota, ya kamata ka san ta ina ake ɓalle famfas. Kada dai a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota ko na minti kaɗan ne.

Ki duba kafin ki naɗe

Cikin sauri da kunyar mutane, uwa kan naɗe famfas ba ta ko kalla ba, alhali labarin lafiyar yaro na ciki. Bayan makon farko na haihuwa, jariri mai samun isasshen nono yakan jiƙa aƙalla famfas 6 a kwana ɗaya. Idan kika buɗe bayan awa shida kika tarar a bushe, ko fitsarin ya yi duhu ya yi kaɗan, ga maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, baki ya bushe, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, a nemi asibiti mafi kusa ko ba a kai inda za a je ba. Kashin mai shan nono rawaya ne mai laushi, wani lokacin kore, duk lafiya ne. Kala uku ne ba a jira da su: jini, baƙi bayan kwanakin farko na haihuwa sun wuce, da fari ko toka-toka kamar alli, wanda ke iya nuna toshewar hanyar ɗaci daga hanta, ciwon da aikinsa ya fi nasara idan an yi shi da wuri.

Su ma kurajen, idan sun yi ƙwarya-ƙwarya da ruwa ko mugunya, ko suna zubar da jini, ko sun haura ciki da baya, ko sun wuce kwana uku ana kula da su ba sauƙi, sun wuce na kemis. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, da kuraje ko babu.

Da kun dawo gida, kafin a kwanta, a zazzage jakar. A fitar da kayan da suka ɓaci, a wanke shimfiɗa a shanya, a mayar da adadin famfas da aka taɓa, a sauya ruwan gora. Duk bayan 'yan makonni kuma a duba ko famfas da rigar da ke ciki suna shigar yaron har yanzu. Ni kaina na taɓa buɗe jaka a layin asibiti na tarar da famfas na sabon haihuwa har guda huɗu, ɗana kuwa yana wata biyar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake auna maganin ruwa na yara, da dalilin da ya sa cokalin shayi ba ma'auni ba ne.